Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, ko "yaron nan", har na yi furfura. Ban taɓa ƙorafi ba, alkunya ce. Amma ƙarya nake in na ce ban so jinsa ko sau ɗaya ba.

Shekarar da ta manta lambar sirrinta, asusunta na kes, wato bankin ajiya, ya kulle ana gab da sayen iri. Muka hau kabu-kabu daga Maijirgi zuwa Tasawa. Ma'aikaciyar, yarinya sa'ar ɗiyata, ta duba katin Inna, ta duba odinater, wato kwamfuta, ta ce saura tambayar tsaro guda, wadda aka ajiye ranar buɗe asusu.

"Inna, mi ne sunan ɗanki na hwari?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Na yi wuf zan amsa, yarinyar ta ɗaga hannu.

"A'a Baba, mai asusu kaɗai ka amsawa. Doka ce."

Kaina ya ɗaure. Sunan nan duk Maijirgi an san shi, har masu amalanke. Ɓarawon da ake tsoro zai faɗe shi ba ko gargada. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta iya faɗa, kuma ita aka tsare. To wa ake karewa, daga wa? Na tambaya da zafi, na ma buga tebur.

"Ɗiyata, ga shi nan tsaye, ki tambaye shi mana," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. Karatu kuwa ba ta iya ba, balle ta rubuta.

Sai yarinyar ta ce in fita. Na tsaya bakin ƙofa cikin rana, rabina na addu'a kada a tilasta mata, rabina na kasa kunne. Fanka kawai nake ji.

Da Inna ta fito, asusu ya buɗe. Ba ta dube ni ba, sai cewa ta yi, "Mu tahi."

Bayan rasuwarta na koma rufe asusun. Na roƙi yarinyar ta gaya mini ko Inna ta faɗa da bakinta ran nan, ko wata dabara suka yi. Ta dube ni da tausayi sosai.

"Baba, ka yi haƙuri. Sirrin mai asusu ne."