Littattafan Mai Kati Ba Za Su Bar Gida Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Maris, Allah Ya karɓi ran ƙanena, wanda duk asibitin da ya yi wa aiki ke kira Mai Kati. Shekarunsa arba'in da tara.

Ƙanena, shekara goma sha shida kana zaune bayan wannan 'yar taga kana miƙa wa marasa lafiya kati. Wasu layi kawai suke gani, kai kuwa kana ganin wa ke matsa wa wa, wa ake tsallakewa, wace tsohuwa ce ke riƙe wa baƙuwa wuri. Ka cika littafi tara da wannan. Burinka ka yi digiri na biyu a ilimin zamantakewa, ka rubuta labarin mutanen layi.

Ba ka taɓa zaɓen jami'a don girman sunanta ba. Sai ka nemo rubutun malamin da zai duba aikinka, ka buɗe shafin godiya. In bai gode wa mutanen da ya yi hira da su ba, ka ajiye. "Yaya, wannan ba ya gaisuwa," haka kake cewa.

Sau biyar ka cika fom. Kullum ana neman takardar shaida daga malamai uku. Biyu daga malamanka sun rasu, na ukun ya ce bai tuna fuskarka ba. Ni na koyar a wannan fannin shekara ashirin kafin in ƙi sa hannu a makin da ba a ci ba, aka nuna mini ƙofa. Na rubuta maka shaida, suka ce takardar ba ta da tambarin ofis. Na ce ka haƙura, wurin ya ruɓe. Ka yi dariya ka ce, "Kai ka gaji, Yaya. Ni ban fara ba."

Jiya, a zaman makoki, wani farfesa daga cikin waɗanda suka ƙi ɗaukar ka ya zo da babbar mota. Ya ce bana da sun ɗauke ka. Sannan ya sassauta murya ya roƙi matarka littattafan, wai a adana su a sashensu na jami'a. Na san irin wannan adanawa. Bayan shekara biyu za su fito da sunan wani a bango.

Matarka ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Malam, da ransa ba ku karanta shafi uku ba. Littafi tara za su yi muku yawa."

To, a ji da kyau. Ni da ita za mu buga su, da sunanka, da sunan aikinka. Ba mu neman tambarin kowa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka shiga Aljanna ba tare da jira ba. Matarka, 'ya'yanka huɗu da abokan aikinka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a, don nawa ya yi ƙaranci.