Sawu Huɗu a Ƙofar Gida

Har yau in na wuce wurin masu walda warin kabaid ɗin da suke kunna wutar walda da shi ya bugi hancina, sai in tuna rumfar Baffa a Gashuwa. Baffa yayan mahaifina ne. Maƙeri ne tun asali, da motoci suka yawaita ya koma walda. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar kakanmu, shi ya kai shi koyon tuƙi, shi ya yi masa aure. Ka riƙe wannan da kyau, don in ba ka san shi ba za ka ce Babana wawa ne, kuma ba wawa ba ne.

Akori-kura ɗaya Baba yake da ita, da ita muke ci. Yakan ɗauki gero da 'yan kasuwa zuwa Kumagannam, ya dawo da awaki da tumaki, hanyar kuwa yashi ce zalla. Wata shekara bayan girbi aksul ɗin baya ya karye, wato ƙarfen nan da tayoyin baya biyu suke jikinsa. Aka nemi irinsa aka rasa. A Nguru aka samo na wata mota da ta fi tamu ƙarfi. Sai dai kowace mota da inda sifirinta, wato ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, ke zama a kan aksul, kujerun da ke jikin sabon ba su hau namu ba. Dole a yanke su a sake liƙawa, a huda sabon ramin da cibiyar sifirin za ta faɗa, a lanƙwaso dogayen kusoshin da za su rungume aksul, a matsar da kunnen shokazoba mai rage girgiza. Gareji ba a rasa ba a gari, amma wanda yayansa ke walda ba ya kai aiki waje.

Rumfar tana jikin katangar gidanmu. Mu yara muna leƙe ta zaure, ana korarmu kada hasken wuta ya ci mana ido. Baffa ba ya awo da tef. Kaba yake tsagawa, ya auna, ya ƙulla, ya ja alli, kuma shekara da shekaru ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ranar nan ya auna dama, ya auna hagu, ya kanne ido ya yi alama. Na ga Baba ya duƙa a kan alamar ya daɗe. Ya buɗe baki, sai ya dubi yaran Baffa da masu jiran gyaran amalanke a kan benci, ya mai da bakinsa ya rufe.

"Ya yi?" in ji Baffa.

"Ya yi, Yaya."

Bai yi ba. Ramin hagu ya zarce gaba da faɗin yatsa, aksul ya zauna a karkace. Mota ta fito tana tafiyar kare, kai na nan gindi na can. A kan kwalta abin dariya ne, 'yan tasha har suka sa mata suna Mai Yanga. A yashi kuwa babu dariya. Duk direban yashi ya san tayar baya sawun ta gaba take bi, don ta gaba ta riga ta danne hanya. Tamu kowace taya nata take yanka, sai a kafe. Fasinja su sauka su tura cikin rana, awaki na ta kuka. Wani dillalin dabbobi Babarbare da ya daɗe yana bin Baba ya koma wata mota ba sallama. Kafin bazara tayoyin baya sun cinye gefe guda.

Inna da ma ba ta iya haɗiye magana ba.

"Malam, ka faɗa masa mana. Ko ka kai ta Nguru a gyara shiru."

"In kai aikin Yaya wani gari a warware? Kafin in dawo labari ya riga ni gida."

Ni dai haushinsa na ji, ba zan ɓoye ba. Miyar gidanmu ta tsinke saboda faɗin yatsa ɗaya, shi kuwa kullum da safe sai ya durƙusa ya gaida Baffa kamar babu komai.

Ruwan farko ne ya tona. An yi shi da asuba, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi, Baba ya fita da mota. Ina shara a ƙofar gida Baffa ya iso, ya taka sawun, ya tsaya. Inda ya kamata a ga layi biyu, huɗu ne. Bai duba daga tsaye ba. Tsugunawa ya yi yana shafa ƙasar da tafin hannu, layi bayan layi, kamar mai neman allura. A nan na gane Baffa ba ya gani sosai, kuma tausayinsa ya kama ni.

Da la'asar Baba ya dawo, Baffa ya ce, "Shigo da ita. Ƙarfe yana so a duba shi bayan ruwan farko." Babu maƙerin da ya taɓa jin wannan ƙa'ida. Ya aiki yaransa duka sayen kabaid, alhali akwai shi cike da gwangwani. Ya yanke kujerar hagu, ya tsaga sabuwar kaba, sannan ya miƙa wa Baba alli.

"Kai ja. Ni zan riƙe."

Baba ya ja, Baffa ya liƙa. Sai da ƙarfe ya huce ya tambaya.

"Yaushe ka gani?"

"Tun ranar, Yaya."

Baffa ya ce, "Taka motar ce ka haƙura. Amalanken mutane fa? Tun kaka ka bar ni ina yi wa bayin Allah aiki da wannan ido."

Baba ya sunkuyar da kai. Mota ta miƙe sumul, ta yi mana shekaru. Baffa kuwa bai ƙara kunna wuta ba. Ya bar rumfa ga babban yaronsa, ya koma zama a zaure da carbi, in an kawo aiki ya ce a kai rumfa.

Yanzu ni ma na fara nesanta takarda kafin in karanta. 'Ya'yana kuwa kafin in rufe baki sun ce, "Mama, ba haka ba ne," a gaban baƙi ma. Yana yi mini zafi, wani lokaci har in yi musu faɗa a kan rashin kunya. Amma ban taɓa ce musu su yi shiru ba.