Kalandar Kofur Japhet

A Zuru, idan aka ce taro ƙarfe goma ne, kowa ya san sha biyu ake nufi, in ban da Kofur Japhet. Shi goma saura kwata yana bakin ƙofa, takalmi na ƙyalli, yana hararar kujerun da ba kowa. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, kuma har ya dawo gida sojan bai fita daga jikinsa ba.

Saboda haka duk wata gayyata ta majami'arsu a hannunsa take. Mutanen tudun nan kuwa ba sa ɗaukar kati a matsayin gayyata sai an tako har gida an gaishe su, an faɗi rana da baki. Kofur kan hau tsohon babur ɗinsa, yau garin Dabai, gobe Manga, bai taɓa rubuta kwanan wata a takarda ba. Kansa ne littafinsa, yana kuma alfahari da hakan har ya so ya yi yawa.

Kan ne ya fara ba shi kunya. Wata rana ya gaya wa gida uku ranar da ba ita ba, mutane suka ci ado suka tarar da majami'a a kulle. Bai ci tuwo ba ranar. Tsoronsa ɗaya, kada a gane, a karɓe aikin a ce ya je ya huta.

Beatrice mai shagon buga kati ce ta nuna masa wani ɗan zane mai baƙaƙen ɗigo da take sawa a gefen kati. Ana haska shi da waya, sai rana da wuri su shige kalanda, wayar ta yi ƙara in lokaci ya yi.

"Don yaran zamani ne, Baba," in ji ta.

"To, sa mini, don su," ya ce. Kafin ya fita shagon ya haska a tasa wayar. Beatrice ta gani, ta ci gaba da yankan takarda.

Daga nan bai sake kuskure ba. Yakan yi gaisuwar yadda aka saba, sannan ya tsaya a kan maigida sai ya haska. Tsofaffi suna mita, suna haskawa. Shekara biyu asirinsa a rufe, sai matarsa Margaret kaɗai da ta sani, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Wata Asabar wayar ta yi ƙara. Ya goge takalmi, ya riga kowa isa majami'a, ya zauna a gaba. Da Margaret ta iso cikin sabon anko, ya miƙa mata wayar da fara'ar wanda ya cika aiki.

"Kin gani, ban makara ba. Auren Glory da Divine, ƙarfe goma." Ya rage murya. "Ita Glory ɗin nan, ɗiyar wa ce?"

Margaret ta gyara masa wuyan riga, ta daɗe tana gyarawa. Tausayinsa ya hana ta kallon idonsa.

"Taka ce, Baban Glory. Tashi, tana waje tana jiran ka riƙe hannunta ka shigo da ita."