Kwandon Alhaji

Jiya ma'aikata suka ɗauki kwandon inabin farko za su kai wurin matsewa, sai Mama ta ce, "Ku ajiye wannan, na Alhaji ne."

A bayan gidanmu na Tudun Wada Baba ya fara yin ruwan inabi, coci ɗaya yake kai wa. Inabin ya haura katangar maƙwabcinmu Alhaji tela, bai taɓa ƙorafi ba. Tunda Alhaji ba ya shan wanda ya zama giya, kowace shekara Baba kan cire masa kwandon farko kafin a matse.

Yanzu muna da gona, kayanmu har Abuja. Baba ya rasu. Alhaji ya bar unguwar lokacin rikici, shi ma ya rasu.

Na ce, "Mama, ai Alhaji ba ya raye."

Ta ce, "Na sani. 'Ya'yansa ma sun mutu ne?"

Yau na kai wa 'ya'yan Alhaji kwandon, a unguwar da na daɗe ina tsoron shiga. 'Yarsa na ganin inabin ta ambaci sunan Baba, ta shimfiɗa mini tabarma.

Ku fa, wane gida kuka daina zuwa alhali ba abin da ya haɗa ku?