Motsin da Muka Ji a Ɗakin Mamaci

Shekaru sun shuɗe, na manta abubuwa da dama, har da fuskokin wasu da muka zauna gida ɗaya da su. Amma abin da ya same mu a unguwar Maamobi ta Accra a shekarar da sanyi ya zo ba a lokacinsa ba, wannan kam sai dai in shiga kabari da shi.

Duk wanda ya san Accra ya san watan Mayu ba watan sanyi ba ne. Ruwa kan sauka ya ɗauke, rana ta fito ta gasa mutum kamar ba a yi ba. A waccan shekarar kuwa sai ruwan ya zo da wata iska daga wajen teku, ya ƙi tafiya. Yayyafi ne mai naci, iska na kora shi ta ko'ina, har ta ƙarƙashin ƙofa. Shanya ta ƙi bushewa, gawayi ya jiƙe, ga shi an ɗauke wuta. Mutanen da ba su taɓa mallakar rigar sanyi ba suka shiga ɗaura duk abin da suka samu. Na ga dattijo ya nufi masallaci lulluɓe da labulen ɗakinsa. Ni koko nake sayarwa a bakin titi, amma tun ranar da iska ta ɗauke mini lema ta jefa ta cikin babbar kwata, sai na haƙura na zauna gida.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Mai gidan wata Hajiya ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa. A can ƙarshe, kusa da banɗaki, akwai ɗakin wani tsoho mutumin Nijar mai sayar da turare, da muke kira Baba, wanda ya rasu watannin baya. Ba shi da kowa a Ghana. Bayan sadakar arba'in Hajiya ta sa wa ƙofar kwaɗo, ta ce babu mai taɓa kayansa sai danginsa sun zo.

Rannan da hantsi gari ya rufe kamar magariba ta yi. Maza duk sun fita nema, mu mata mun taru a barandar Hajiya mun kewaye kurfoti ɗaya, murhun gawayi, muna jin ɗumi. Maƙwabciyata, wata 'yar Tamale ta arewacin Ghana, ta ɗauki buta ta zaga banɗaki. Sai ga ta ta dawo babu butar a hannunta, ta raɓe kusa da ni. Da na matsa mata da tambaya, ta raɗa mini cewa akwai abin da ke motsi a ɗakin Baba.

Muka yi mata dariya, muka ce iska ce ke wasa da kwanon rufi. Amma da iskar ta ɗan lafa, duk muka ji. Wani ƙwanƙwasawa ne siriri, kas-kas-kas, da sauri, ya tsaya, ya sake farawa. A ƙarƙashinsa kuma wata murya ce can ƙasa-ƙasa, ba kuka ba, ba waƙa ba, tana maimaita abu ɗaya. Ga ƙamshin turaren marigayin ya cika lungun, alhali mun daɗe rabonmu da jin sa. Yanzu na san danshi ne ya tayar da ƙamshin daga kayansa, amma a lokacin babu wadda ta kawo haka a ranta. Kowa ta jawo 'ya'yanta jikinta. Har yamma babu wadda ta sake zuwa banɗaki ita kaɗai.

Da maza suka dawo muka gaya musu. Mijina ya je ya tsaya bakin ƙofar, ya tarar shiru, kwaɗo yana nan yadda yake. Ya ce ɓeraye ne, zaman gida ne ya dame mu. Amma na lura da ya dawo ɗaki sai da ya karanta Ayatul Kursiyyu ya tofa a kusurwoyi.

Washegari sanyin ya ƙaru, motsin ya dawo, sai dai ya yi rauni. Wata ta ce ai tsohon ne yake neman a kai masa kayansa gida. Wata ta ce aljanu kan gaji ɗakin da aka rufe. Har an fara shawarar a aika a kira malam idan ruwan lungu ya janye. Hajiya tana jin mu duka. Can sai ta ce in kama ta. Na riƙe ta muka taka har rabin tsakar gida, yayyafi na dukanmu, ta tsaya ta karkata kai, ta daɗe tana saurare.

“'Yata, kin ji abin da na ji?”

Na ce na ji ƙwanƙwasawa.

“A'a, bayan shi. Tari ne, tarin jariri. Ni dai tun da nake ban taɓa jin aljani ya yi mura ba. Ɗauko mini makulli.”

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man gyaɗa kafin ya buɗe. Sauran mata suna can nesa suna leƙe. Na tura ƙofar na haska da fitilar waya. Abin da na fara gani babbar rigar marigayin ce rataye a ƙusa, iska na kaɗa ta, saura kaɗan in yar da wayar. Sai na ga wani tulin bargo a ƙasa, gefen gadon ƙarfe, yana rawa. A hankali wani hannu ya fito daga ƙarƙashinsa.

Wata matashiya ce, cikin 'yan kayayo, matan nan da ke zuwa daga arewacin Ghana suna dakon kaya a kasuwa. Tana rungume da jaririya a ƙirjinta. Babban kwanon da take dako da shi yana jingine a bayanta, duk lokacin da sanyi ya girgiza ta sai kwanon ya riƙa bugun ƙafar gado. Wannan ne ƙwanƙwasawar. Muryar kuwa rarrashin 'yarta take yi da yarensu. Leɓɓanta sun bushe sun fashe, jikinta zafi rau, ƙafafunta kuma kamar ƙanƙara. Ta tagar baya ta shigo, wadda katakonta ya ruɓe, kuma zazzaɓi ya kayar da ita har ba ta iya tashi.

Nan take tsoro ya watse. Wannan ta kawo kurfoti, waccan ta kawo zane busasshe, na dama koko da citta muka riƙa ba ta cokali-cokali. 'Yar Tamale ta karɓi jaririyar ta shafe ta da man kaɗe, ta goya ta. Mota ba ta shigowa lungunmu, don haka a kan tabarma muka ɗauke ta, muna ratsa ruwa har titi, muka tare tasi zuwa asibiti. Likita ya ce sanyi ya kama huhunta, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Allah cikin ikonsa, ita da 'yar duka suka rayu.

Da ta fara samun sauƙi aka dawo da ita ɗakin Hajiya. 'Yar Tamale, da take jin yarenta, ta tambaye ta yadda aka yi ta san da wannan tagar. Ta ce ita da abokan dakonta a bakin wani shago suke kwana a kasuwar Nima, iska ta kore su, kowa ta kama gabanta. Tana bin bayan gidaje da 'yarta sai ta ga wani tsoho tsaye a cikin ruwa. Da Hausa ya yi mata magana, wadda take ɗan tsinta. Ya nuna mata tagar, ya ce ta shiga, ɗakinsa ne, akwai bargo a cikin akwati ƙarƙashin gado.

'Yar Tamale ta gama fassara mana. Babu ɗaya daga cikinmu da ta san da akwati a ƙarƙashin gadon nan, har Hajiya. Na buɗe baki zan tambayi kamannin tsohon, Hajiya ta ɗaga mini hannu.

“Ya isa. Wanda ya turo ta ya san mu, mu ba mu san shi ba. Ku ba ta abinci.”

Mijina har yau cewa yake zazzaɓi ne ya nuna mata tsoho, akwatin kuma lalube ta yi ta samu. Wataƙila haka ne. Ni ban taɓa yi masa gardama ba, kuma ban taɓa yarda da shi ba.

Abin da na riƙe dai shi ne, mun zauna muna jin ɗumin wuta muna lissafa aljanu, alhali 'yar'uwarmu na mutuwa a bayan bango ɗaya. Tsoro toshe kunne yake yi. Tun daga lokacin, idan na ji nishi daga inda ban sani ba, nakan fara ɗauka cewa ɗan'adam ne ke neman taimako, in yi bismilla in je in duba.