Kawu Arzika da Kazar Tabizo

Duk wanda ya taɓa zuwa wasan dare na Lambun Tsamiya ya san mazaunin Kawu Arzika: can gaba, kan kifaffen bokiti, da tocila a cinya. Sau ɗaya a shekara ake kunna fitilun lambun duka, a saki majigi, samari su kwaikwayi yadda marigayi Alhaji Gado ya kafa wurin. Duk wanda ya karkata tarihin, ko da kalma ɗaya, sai Kawu ya dalle masa fuska da haske. Shi ya dasa itatuwan lambun da hannunsa, saboda haka ba a ja da shi.

Ni ne mai karanta labarin a lasifika, gidan rediyonmu kuma yana watsawa kai tsaye har garin Sukukutane. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, amma bai taɓa raga mini ba.

Shekarar farko, takardar da aka ba ni ta ce Alhaji ya iso bisa farin doki. Ban rufe baki ba na ji haske a ido.

"Ƙarya! Jaki ne! Na aro ma, daga Ɗan Kassari!"

Duk Arewa ta ji. Da shekara ta zagayo aka nemo jaki, aka wanke shi tas. Kawu ya zagaya shi sau biyu.

"Wanga ya cika ƙiba. Namu ɗingishi shikai."

Sai da aka sake wani.

Ga Kawu da tsimi! Batiran tocilar nan sun girmi wasu 'yan wasan. Da rana ya shanya su kan kwano, da yamma ya ɗan ciccije su. Na taɓa sayo masa sabbi. Ya juya su, ya miƙo mini.

"Ai waɗanga ba su san tarihin ba."

Bara ne abin ya kai ni bango. A labarin akwai inda Alhaji, kafin a haƙa rijiya, ya je wajen Tabizo, tsohuwar 'yar bori da ke zaune gindin tsamiyar, ya nemi izini, aka ba da baƙar kaza don doguwa, aljanar wurin. Alhaji Nasiru, babban ɗan marigayin, mutum ne mai tsananin kiyaye addini. Ya kira ni shagonsa.

"Malam Sani, cire wannan. Ba za a jingina wa mahaifina shirka a lasifika ba. In ka karanta, bana ce ta ƙarshe gare ka."

Na je wa Kawu da maganar. Bai ko ɗago ba, yana cizon batir.

"Ka tsallake sunanta, in tashi in faɗe shi da bakina. Kuma ƙafata ta bar gidanka."

Kwana uku ina rubutu ina yagawa. Daren wasan lambu ya cika, har makiyaya sun zo da iyalansu. Alhaji Nasiru na kujerar dama, Kawu na kan bokitinsa, babban yatsa bisa makunni. Da na iso wurin na ce: "Kafin a sa dagi a ƙasa, Alhaji Gado ya je ya gaida Tabizo, wadda ya tarar a wurin, ya nemi izininta, ta ba shi." Na dakata na daƙiƙa uku. A rediyo wannan shiru ne mai tsawo ƙwarai. Haske bai zo ba. Alhaji Nasiru ma bai motsa ba.

Ana tashi suka nufo ni tare. Kawu ya riga shi magana.

"Ka bar kaza."

"Kawu, don Allah..."

"Gara da ka bar ta. Ba ta kai ba."

Alhaji Nasiru ya ce, "Ba ta kai ina ba, Baba?"

"Ga Tabizo mana! Ni anka aika da ita. Kwana biyu muna aiki ba tuwo, ga kaza ƙosassa a hammata. Na zaga bayan dutsi na gasa abata."

"Wato ba a yi yankan ba sam?"

"An yi. Da bisimilla ma."

Alhaji Nasiru ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce a bar layin yadda na karanta shi, kowace shekara.

Kawu dai bai yi dariya ba. A hanyar gida ya ce mini washegarin gasa kazar tsohuwar ta gan shi da maiƙo a gemu, ta gane, ba ta tona shi ba. Cewa kawai ta yi, "Yaro, ka ƙoshi?" Har ta rasu bai sami bakin ba ta haƙuri ba.

"In anka daina faɗin sunanta, ɗan ƙanwata, wa za shi tuna ta rufa mini asiri?"

Na ce masa mahaifiyata yayarsa ce dai, ba ƙanwarsa ba. Ya ce in yi shiru, ba a lasifika muke ba.

Kafin damina Kawu ya kwanta rashin lafiya, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Ya Allah, yadda aka rufa masa asiri a duniya, Ka rufa masa a can. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.