Ranar da Bayan Taubashina Ya Taɓa Ƙasa

Assalamu alaikum. A shekarun da jihar Zamfara take sabuwa, ni malamin motsa jiki ne a wata firamare a Gummi, matashi mai zumuɗi. Wata rana na ji a rediyo cewa wata ƙungiya mai yaɗa wasan zari-ruga a ƙasashen duniya tana neman jami'ai yanki-yanki. Wasa ne da mutum zai rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai ya ruga da ita, wanda ya cim masa ya kayar da shi. Na nema, aka kira ni Gusau, aka ba ni ƙwallo, aka ce in haɗa 'yan wasa. Jami'insu zai zo ya gani, in ya gamsu, Anka da Gummi da Bukkuyum duk a hannuna. Tun a mota nake ganin kaina cikin jirgin sama.

Na ce a raina, wasan kaye ai namu ne, tunda muna da 'yan kokawa. Kaka ta yi, na hau babur na bi Zugu da Adabka ina tara ƙarti, ina rubuta musu ƙa'idojin da ajami. Wanda na fi so kuwa taubashina ne, ɗan kawuna, gwarzon da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba a fagen kokawa. Ya ce shi ba ya wasan da ake bin mutum ta baya. Na ce dama na san girman jikin na banza ne, tsoron ƙwan Turawa yake. Ya ce ni ɗan mace bawansa ne, ban isa in kira shi matsoraci ba. Na rantse masa cewa a wannan wasa faɗuwa ba kaye ba ce, tashi ake a ci gaba. Inna ta tambaye ni ko 'yan kallo ma sun san haka, na yi dariya.

Ranar gwaji gari ya cika, har makaɗan kokawa suka zo ba da gayyata ba. Taubashina ya zari ƙwallo yana watsar da maza kamar dami, jami'in nan yana tsalle yana tafi, ni kuwa har muryata ta dushe. Can sai wani siririn tela ɗan Anka ya bi shi ta baya ya rungume ƙafafunsa, taubashina ya faɗi rigingine. A ƙa'ida daidai ne. Amma kafin in hura usur, jama'a sun cika fili, sun ɗaga tela sama, makaɗa sun juya kiɗa suna cewa yau giwa ta faɗi. Ina ta ihu cewa ba kokawa ake ba, babu mai saurarena.

Na sami aikin, na yi shekaru ina yi. Shi kuwa bai ƙara shiga fage ba, domin duk inda ya nufa sai a ce ga wanda tela ya kayar. Bai taɓa zargina ba, amma daga ranar ya daina tsokanata, sai gaisuwa kamar ta baƙo.

Na gane cewa ƙa'idar da ke takarda ba ta goge wadda ke zukatan mutane. Duk wanda aka ɗauka aikin kawo sabon abu garinsu, ya fara fahimtar da 'yan kallo kafin ya sa mutuncin wani a fili. Allah ya yafe mana, ya ba ɗan'uwana ladan haƙuri.